Babi na Biyar: Ba da Kai

Idan aka tambayi mutum mene ne akasin so, da wuya ya yi dogon tunani kafin ya ce ƙiyayya. Wani limamin Katolika ɗan ƙasar Poland, Karol Wojtyla, yana da wata amsar daban. A wurinsa babban abin da ke kashe ƙauna tsakanin namiji da mace shi ne ɗaya ya mayar da ɗaya abin amfani. Maƙiyi dai an san shi, ana kuma iya kauce masa. Mai amfani da kai kuwa da fara'a yake zuwa, da kyauta a hannu, sau da yawa ma shi kansa ya gaskata cewa son ka yake yi.

Wojtyla ya shimfiɗa wannan tunani ne a wani littafi da aka buga a birnin Lublin a 1960, wanda sunansa ya haɗa abu biyu, ƙauna da ɗaukar nauyi. Bayan shekara 18 aka zaɓe shi Fafaroma, ya ɗauki sunan John Paul na Biyu, shi ne kuma wanda ya zo Kaduna a watan Fabrairun 1982. Amma a lokacin da abin ya fara tsiro masa a rai, fada ne matashi mai kula da ɗaliban jami'a a cocin St. Florian da ke Krakow. Gwamnatin kwaminisanci ta wancan zamani ba ta yarda limamai su riƙa tara matasa a wajen coci ba, sai shi da ɗalibansa suka riƙa sulalewa zuwa duwatsu da koguna, su yi kwanaki suna tuƙa ƙananan kwale-kwale suna kwana a tanti. Don kada 'yan leƙen asiri su farga, ba sa ce masa fada a bainar jama'a, Kawu suke kiransa. A waɗannan tafiye-tafiye ne samari da 'yan mata suka riƙa buɗe masa cikinsu: wadda aka yaudara, wanda ya rasa gane ko so yake yi ko sha'awa, ma'auratan da shekara biyu kacal ta ishe su gajiya da juna. Da yawansu shi ya ɗaura musu aure, daga baya ya yi wa 'ya'yansu baftisma. Yana kan ruwa a irin wannan tafiya a 1958 saƙo ya iske shi cewa an naɗa shi bishop, yana da shekara 38.

Mai karatu zai ce, to wanda bai taɓa aure ba, me ya sani game da zaman aure? Tambaya ce mai kyau, kuma shi da kansa ya tare ta tun a farkon littafin. Hujjarsa ita ce, magidanci gida ɗaya ya sani daga ciki, limamin da ake kai wa ƙorafi kuwa ya saurari gidaje barkatai. Ko an gamsu da wannan ko ba a gamsu ba, abin da ya rubuta ya nuna mutumin da ya iya sauraro.

Tushen maganarsa gajere ne. Kowane abu a duniya ana iya amfani da shi don cimma wani buri, ban da mutum. Mutum yana da hankali, yana da zaɓi, yana da abin da aka halicce shi dominsa, saboda haka ƙauna ce kaɗai ta dace da darajarsa. Ya ari rabin wannan ƙa'ida daga masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, wanda ya hana a mayar da mutum tsanin hawa kawai, sannan ya cika ta da umarnin Linjila na ƙaunar maƙwabci. Inda ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ya bi diddigin amfani da mutum har cikin wuraren da ba a zargi. Kowa ya san saurayin da ya yi wa yarinya ciki ya gudu ya cuce ta. Wojtyla ya ce akwai kuma mutum biyu da suka amince su riƙa cin moriyar juna, shi yana samun jin daɗi, ita tana samun kuɗi ko suna ko mafaka, kowa ya gamsu, ba wanda ya kai ƙara. Daga nesa sai ka rantse masoya ne. Shi kuwa yana ganin son kai ne guda biyu da suka dace da juna na ɗan lokaci, ranar da lissafin ɗaya ya daina fita, ranar zaman zai watse. Kamar mai shan rake ne, ya tauna ya tsotse zaƙin, abin da ya rage a baki ya tofar, kuma ba don ya tsani raken ba.

Bai kuma yarda cewa ɗaurin aure yana wanke wannan laifi ba. Miji na iya amfani da matarsa ta halal, mata na iya amfani da mijinta. A babin ƙarshe na littafin, bishop ɗin ya yi maganar da ba a saba ji daga bakin malamin addini a 1960 ba: ya ce namijin da ke biyan buƙatarsa a shimfiɗa ba tare da ya damu da gamsuwar matarsa ba, son kai yake yi, kuma wajibi ne ya koyi yanayin jikinta ya yi haƙurin tafiya daidai da ita. Ya ɗauki wannan a matsayin batun tarbiyya da tausayi, kamar yadda ciyarwa da tufatarwa suke.

To idan wancan ne cutar, mece ce ƙaunar? Nan Katolika suna komawa ga wani tsohon bayani na Thomas Aquinas, malamin da ya rasu a 1274, wanda shi ma ya gado daga masanin falsafar Girka Aristotle: ka ƙaunaci mutum yana nufin ka nufe shi da alheri, alherin da zai amfane shi shi kansa. Wannan ya ɗauke ƙauna daga hannun bugun zuciya ya miƙa ta ga niyya da aiki. Ba wai an raina bugun zuciyar ba ne. Wojtyla ya ɗauki sha'awar jiki da shauƙin zuciya a matsayin kayan aikin da ake gina ƙauna da su, sai dai kowannensu yana da inda yake ruɗin mutum. Sha'awa tana tsayawa a kan jiki ta manta da mai jikin. Shauƙi kuma, wanda aka fi yi wa kyakkyawan zato, yana ƙera wani mutum na mafarki ya jingina shi a kan wanda ke gabanka. Hausawa sun daɗe da lura da haka, shi ya sa suka ce so hana ganin laifi. Matsalar ita ce laifin yana nan, kuma wata shida bayan biki zai fito fili. A nan ake gane ko mutumin aka so ko hoton da aka zana masa. Ga Wojtyla, lokacin da ka ga kasawar abokin zamanka ƙuru-ƙuru, har ma da zunubinsa, ka kuma ƙi janye alherinka daga gare shi, lokacin ne ƙauna take nuna ƙarfinta na gaskiya.

Fafaroma Benedict na 16 ya ƙara haske a kan wannan a wasiƙarsa ta farko ga mabiya, wadda ya sa wa hannu ranar Kirsimetin 2005. Ya tunkari zargin da masanin falsafar Jamus Nietzsche ya yi cewa Kiristanci ya shayar da sha'awa guba. Amsarsa ita ce, son da ke nema da son da ke bayarwa ba a raba su gaba ɗaya. Wanda ya fara da begen mallakar masoyiyarsa, in son ya nuna, zai wayi gari jin daɗinta ya fi nasa damunsa. Haka kuma ba mai iya bayarwa kullum ba tare da ya karɓa ba. Wannan magana ta biyu tana da muhimmanci, za mu kuma dawo kanta.

Matakin ƙoli a wannan koyarwa shi ne abin da suke kira ba da kai kyauta. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka sani da Majalisar Vatican ta Biyu, wanda Wojtyla ya halarta, ya rubuta a 1965 cewa ɗan Adam ba ya samun cikar kansa sai ta hanyar miƙa kansa da zuciya ɗaya. Bayan ya zama Fafaroma, John Paul ya yi ta maimaita wannan, har ya shafe daga Satumbar 1979 zuwa Nuwambar 1984 yana gabatar da jawabai 129 na ranakun Laraba a kan jikin mutum da aure, yana farawa daga labarin Adamu da Hauwa'u a littafin Farawa. Asalin abin a aƙidarsu yake. Sun yi imani cewa Yesu Almasihu ya ba da ransa a kan gicciye domin mutane, kuma Manzo Bulus a wasiƙarsa ga Afisawa ya ɗora wa maza wannan ma'auni game da matansu. Don haka miji Bakatolike ba shi da inda zai tsaya ya ce na yi iya nawa.

Wani lokaci ba da kai yakan zo a siffar da ba ta buƙatar sharhi. A sansanin Auschwitz a 1941, da sojojin Nazi suka ware fursunoni goma da za a kashe da yunwa, ɗaya daga cikinsu, Franciszek Gajowniczek, ya yi kukan matarsa da 'ya'yansa. Wani fada mai suna Maximilian Kolbe ya fito daga layi ya roƙi a ɗauke shi a madadinsa, aka kuwa amince. Kolbe ya mutu ranar 14 ga Agusta, Gajowniczek ya rayu har 1995. Sai dai irin wannan ba kowa ake nema wa ba. Abin da ake nema wa mafi yawan mutane shi ne wanda ake yin alkawarinsa a gaban bagadi.

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a cocin Katolika a Kafanchan ko Jos ko Zariya, inda ake yin sujada da Hausa, ya ga yadda abin yake. An riga an gama al'adun gida, an biya sadaki, an yi watanni ana zuwa ajin koyar da zaman aure, an yi sanarwa a coci ko akwai mai wani dalili na hanawa. Matan zumunta sun cika gefe guda da ankonsu. Sai fada ya sauko ya tsaya gaban ango da amarya, hayaniya ta lafa. Kafin a taɓa zobe, tambaya uku zai yi musu, kuma kowannensu da bakinsa zai amsa. Ta farko, ko sun zo da yardar kansu ba wanda ya tilasta su. Ta biyu, ko sun shirya ƙaunar juna da girmama juna muddin rai. Ta uku, ko za su karɓi 'ya'yan da Allah ya ba su su tarbiyyantar da su. Daga nan su riƙe hannun dama na juna, kowa ya ambaci sunan ɗan'uwansa ya yi masa alkawarin aminci cikin daɗi da wuya, cikin ciwo da lafiya. Muryar amarya takan yi ƙasa har sai an matso mata da makirufo, amma dole a ji ta. Ba waliyyi, ba kawu, ba wanda zai amsa a madadinta tana tsaye a wurin.

A koyarwar cocin Roma, ba fada ne ke ƙulla auren ba, ma'auratan ne da kansu. Shi shaida ne a madadin coci, tare da wasu shaidu biyu, tsarin da aka kafa tun a taron bishop-bishop na Trent a 1563. Kundin dokokin coci na 1983 ya fayyace cewa yardar mutum biyun ita ce ke yin aure, ba kuma wani iko na ɗan Adam da zai cike gurbinta. Auren da aka ƙulla da tilas ko da tsoratarwa mai tsanani ba aure ba ne tun asali, kotun coci tana iya bincike ta bayyana haka ko bayan shekaru. Dalilin a bayyane yake: abin da aka ƙwace ba a kiransa kyauta. Kuma ba ka ba da abin da ba ka mallaka ba, shi ya sa suke ɗaukar kamun kai kafin aure a matsayin horon da ke sa mutum ya riƙe ragamar kansa har ya iya miƙa ta. Daga wannan tushe ɗaya sauran sharuɗɗan suka fito. Tunda kai ɗungurungum aka bayar, ba a raba shi ga mutum biyu, ba a kuma ba da shi na wa'adi. Shi ya sa Katolika ba ta yarda da ƙarin mata ba, ba ta kuma yarda da saki a auren Kiristoci biyu da ya cika ba.

Yanzu ga inda nake ganin ya kamata a tsaya a yi magana da gaske, domin kyakkyawar koyarwa tana iya zama sanda a hannun azzalumi. A ƙasarmu, Musulmi da Kirista, mun san kalmar da ake tarar mace da ita idan ta dawo gida da kumburarren ido. «Ki yi haƙuri, 'yata, haka zaman aure yake, mu ma haka muka yi.» A gidan Kirista akan ƙara mata da cewa ta ɗauki gicciyenta. Idan ba da kai yana nufin ɗaya ya ƙone ƙurmus ɗaya kuma ya ji ɗumi, to mun koma kan amfani da mutum ke nan, an dai saka masa rigar ibada. Koyarwar kanta ba ta faɗi haka ba. Wojtyla ya dage cewa ƙaunar aure sai ta zama ta ɓangare biyu, kuma wanda aka ba wa mutum kyauta ya ɗauki nauyi mafi girma a wuyansa. A wata wasiƙa da ya rubuta a kan darajar mata a 1988, ya fassara maganar Bulus ta biyayyar mata ga mazansu da cewa miƙa wuya ne na juna, miji ga mata, mata ga miji. Dokar coci ta ba wa wanda abokin aurensa ke jefa shi ko 'ya'yansa cikin haɗari mai tsanani damar raba zama. Fafaroma Francis ya ƙara fito da ita fili a 2016, inda ya ce akwai lokacin da rabuwar takan zama wajibi don a tsirar da mai rauni da yara daga duka da wulaƙanci. Igiyar auren tana nan a ganinsu, amma ba a ce mace ta zauna a kashe ta ba. Barin mutum ya ci gaba da zaluntarka ma ai ba nufinsa da alheri ba ne. Kuma coci ita kanta ta ga abin da ke faruwa idan aka bar mai ƙarfi ya ci moriyar mai rauni aka yi shiru, a badaƙalar limaman da suka ci zarafin yara, wadda ta fashe a Boston ta Amurka a 2002 ta kuma bayyana a ƙasashe da dama.

Labarin Cyprien da Daphrose Rugamba na ƙasar Ruwanda yana tsaye ne daidai kan wannan iyaka mai wuya. Sun yi aure a 1965. Shi mawaƙi ne kuma masani da ƙasar ta san da zamansa, ya bar addini, ya wulaƙanta ta, ya mayar da ita gidan iyayenta na watanni a kan wani zargi da aka yi mata, ya kuma ci amanarta. Ta yi shekara 17 a haka. A 1982 ya yi ciwo mai tsanani, ita ta yi jinyarsa, ya tashi ya zama wani mutum daban, ya nemi gafararta. Shekarun da suka biyo baya tare suka yi su, suna sulhunta ma'aurata, suka buɗe wurin kula da yaran titi a Kigali. An kashe su ranar 7 ga Afrilun 1994, a farkon kisan ƙare dangi, tare da shida daga cikin 'ya'yansu goma, kuma a 2015 coci ta fara binciken da kan kai ga ayyana mutum cikin tsarkaka. Ina girmama Daphrose ƙwarai, amma ba zan miƙa labarinta ga matar da ake duka in ce ta yi koyi ba. Abin da ya mayar da gidan nan gidan ƙauna shi ne tubar mijin, da shekara 12 da ya yi yana biyan abin da ya ɓata. Darasin na maza ne kafin ya zama na mata.

Akwai wata jarrabawar da ta fi kusa da mu, ita ce rashin haihuwa. Shekara biyar, shida, shiru. Uwar miji ta fara da habaici, daga baya ta kira ɗanta ɗaki: «Kai kaɗai ne namiji a gidan nan, so kake sunan mahaifinka ya ɓace?» Ga Bakatolike ƙofar ƙaro wata a rufe take, kuma cocinsa ta gaya masa ƙarara cewa rashin haihuwa ba ya ɓata aure, ba ya kuma rage masa daraja. A nan ne ake ganin ko matar aka aura ko mahaifarta. Mutumin da ya tsaya tsakanin matarsa da danginsa shekara da shekaru, ya je asibiti aka gwada shi shi ma, ya ƙi barin a ɗora mata laifi, ya ba da wani abu mai tsada ƙwarai a al'ummar da ke auna namiji da yawan 'ya'ya. Ta ɗaya gefen kuma akwai batun tsarin iyali. Fafaroma Paul na Shida ya jaddada haramcin magungunan hana ɗaukar ciki a 1968, ya bar ma'aurata da bin kwanakin jikin mace, bisa hujjar cewa kyautar kai ba ta cika idan an cire haihuwa daga cikinta da gangan. Wannan ne sashen koyarwar da ya fi jawo gardama, kuma Katolika masu yawa a duniya ba sa bin sa.

Ga kuma misalin ba da kai a zaman aure na yau da kullum. Sai a watan Oktoban 2015 coci ta fara ayyana miji da mata tare a rana ɗaya a matsayin tsarkaka, su ne Louis da Zélie Martin na garin Alençon a Faransa. Shi mai gyaran agogo ne, ita kuma tana sana'ar saƙar leshi da hannu, da mata masu yi mata aiki. Sun yi aure a 1858, kuma saboda tsananin son ibada suka yi wata goma suna zaune kamar wa da ƙanwa, sai da limaminsu ya nuna musu cewa ba haka ake aure ba. Sun haifi 'ya'ya tara, suka binne huɗu suna ƙanana. Da sana'arta ta bunƙasa fiye da tasa, sai ya sayar da shagonsa a 1870 ya koma yi mata lissafi da tafiye-tafiyen neman masu saye. Ciwon dajin nono ya ɗauke ta a 1877 tana da shekara 45, ya kwashi 'yan mata biyar ya koma Lisieux kusa da danginta ya raine su, autarsu Thérèse tana da shekara huɗu. A ƙarshen rayuwarsa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ya yi shekara uku a asibitin masu taɓin hankali a Caen, sannan aka dawo da shi gida 'ya'yansa da dangin matarsa suka yi jinyarsa har ya rasu a 1894.